Kwamfuta Ba Ta Da Kunne: Nasiha Ga Masu Son Haɗa Fedar Jita

Ƙannena masu sha'awar jita da haɗe-haɗen kayan lantarki, yau da ku nake.

Duk wanda ya taɓa kallon wasan Mdou Moctar, ɗan Nijar ɗin nan mai kaɗa jita da hagu, zai lura cewa ba yatsunsa kaɗai ke aiki ba. Akwai wasu 'yan akwatunan ƙarfe jere a gaban ƙafarsa. Da ya taka ɗaya sai muryar jitar ta juye, ta yi kauri, ta yi kaushi, amonta ya daɗe bai mutu ba. Su ake kira feda. Mutumin nan da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya, kuma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Saboda haka idan yaro a Agadas ko Kano ya ce zai haɗa fedarsa da kansa, bai yi rigima ba.

Abin da ke cikin akwatin ma bai kai yadda ake zato ba. Fuzz Face, wadda kamfanin Arbiter ya fitar a Landan a 1966, wadda kuma Jimi Hendrix ya yi suna da ita, transista biyu ce kawai, da razista huɗu, da kafasita uku, da bolum biyu. Iyakarta ke nan. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa yana da fiye da haka a cikin gwangwanin da yake zuba tarkace. Wahalar tana wajen tsarawa: wane abu zai zauna ina, kuma ko duka za su shiga akwati murfi ya rufu. A nan manhajar zane take shigowa, kuma a nan nake ganin yawancinku kuna tuntuɓe, domin kuna ba ta amanar da ba ta ce za ta iya riƙewa ba.

Idan ka tambaye ni wace manhaja, zan ce maka KiCad. Wani malami ne a Grenoble ta ƙasar Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara rubuta ta a 1992, daga baya cibiyar bincike ta CERN ta sa hannu wajen inganta ta. Kyauta ce, halas ne ka kwafa wa abokinka a filash, kuma da zarar ta sauka a kwamfutarka ba ta neman data. Za ka ci karo da tsofaffin darussa da yawa da aka yi da EAGLE, wadda masu haɗa feda suka daɗe suna amfani da ita. Kamfanin Autodesk ya saye ta a 2016, sannan ya sanar da cewa tallafinsa gare ta zai ƙare a watan Yunin 2026. Kada ka ɓata ƙuruciyarka wajen koyon ta, balle ka je neman wadda aka fasa wa makulli.

Amma kafin ka buɗe kowace manhaja, ka nemi allon gwaji, wannan farin allon mai ramuka da ake soka kaya a ciki ba tare da liƙi ba. Ka haɗa da'irar a kansa, ka jona jita da amfilifaya, ka saurara. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan sana'a ji ne ke korar gani.

Bari in nuna maka abin da nake nufi da Tube Screamer, koriyar fedar nan ta Ibanez da aka ƙera a Japan a ƙarshen shekarun 1970. A zuciyarta akwai aisi mai ƙafa takwas, 4558, da diyod biyu masu kallon saɓanin juna. Kusa da su akwai razista 4.7k a jere da kafasita 0.047 maikrofarad. Waɗannan biyun su ne ke yanke hukuncin wane sashe na amo za a ƙara wa ƙarfi sosai: abin da ya haura kimanin haz 720 yana samun cikakken ƙari, abin da ke ƙasa da haka ƙarin yana raguwa. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa ne a wajen haz 82, ka ga ke nan an bar ta can ƙasa, shi ya sa fedar ba ta cakuɗa amo ya zama taɓo. Ƙarfin da take ƙarawa kuma yana tashi daga ninki 12 zuwa kusan ninki 118, gwargwadon yadda ka murɗa bolum ɗin 500k. Duk wannan za ka iya ganinsa a LTspice, manhajar kwaikwayon da'ira da kamfanin Analog Devices ke bayarwa kyauta, jikar SPICE ɗin da aka rubuta a jami'ar Berkeley a 1973. Ka cire 0.047 ka sa 0.1, nan take za ta zana maka yadda iyakar ta sauko zuwa kimanin haz 340. Wannan ilimi ne mai amfani, kuma cikin daƙiƙa biyar ka same shi ba ka ƙona komai ba.

To, amma 340 ya fi 720 daɗi? Manhaja ba ta da amsa. Ya danganta da jitarka, da lasifikarka, da ko kana kaɗawa kai kaɗai a ɗaki ko kana neman a ji ka a tsakiyar ganguna a filin biki. Haka zancen diyod. Na jamaniyam yana fara datse amo a wajen bolt 0.3, na silikon irin 1N4148 a wajen 0.6, jar fitilar LED kuwa sai ta kusa 1.8. LTspice za ta nuna maka kan igiyar amon yana gutsurewa a waɗannan wurare daidai. Wanda ya fi dacewa da salonka, sai ka soka su ɗaya bayan ɗaya a allon gwaji ka ji.

Fuzz Face ta fi kowa tona asirin kwaikwayon kwamfuta. Ƙofar shigarta tana jan jita sosai, har ya zama maganaɗisun jitar da bolum ɗinta sun koma wani ɓangare na da'irar. Shi ya sa idan makaɗi ya ɗan rage bolum a jikin jitar sai kaushin ya washe. Wanda ya ba manhaja tsaftataccen amo a matsayin jita zai ga sakamakon da ba zai taɓa ji a zahiri ba. Ga kuma zafi. Transistan jamaniyam, irin na Fuzz Face ta farko, yana yoyon lantarki, kuma yoyon yana kusan ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri goma. Manhaja tana ɗaukan cewa ɗakin yana wajen digiri 27 idan ba ka gaya mata wani abu ba. Kai kuwa ka san yadda rana take a watan Afrilu a Zinder ko Maiduguri, kuma akwatin ƙarfe ne a ƙasa. Fedar da ta yi daɗi da asuba tana iya shaƙewa da azahar. Shawarata, ka yi amfani da silikon, ko kuma tun a zane ka cire razista 8.2k da ke kan kolektan transista na biyu ka sa ƙaramin bolum na daidaitawa, yadda za ka iya dawo da awon wurin kusa da bolt 4.5 duk lokacin da ya kauce. Irin wannan shawara a matakin zane ake yanke ta. Bayan an buga fanel, wato allon da ake liƙa kayan a kansa, ba ka da wurin sa bolum ɗin.

Sai ka gamsu da abin da kunnenka ya ji sannan ka zauna ka zana shi a KiCad, kana kallon allon gwajin, ƙafa bayan ƙafa.

Yanzu mun zo inda nake so ka nutsu. A KiCad kowane abu yana da fuska biyu: alamarsa a zanen da'ira, da sawunsa a kan fanel, wato ramukan da ƙafafunsa za su shiga da tazarar da ke tsakaninsu. Kai ne ke haɗa alama da sawu. Idan ka haɗa ba daidai ba, manhaja ba za ta ce uffan ba.

Ɗauki transista uku ka jera su, fuskarsu mai faɗi tana kallonka, ƙafafu suna ƙasa. Dukansu baƙaƙe ne, girmansu ɗaya, ƙafa uku-uku. A 2N3904, daga hagu zuwa dama, emita ce, sai bes, sai kolekta. A BC547 abin ya juya: kolekta, bes, emita. A C945 ko C1815, waɗanda su za ka fi samu idan ka farke tsohuwar rediyo ko kaset ta Japan, emita ce, sai kolekta a tsakiya, bes tana gefe. Zanen da ka samo daga wani Ba'amurke zai ce 2N3904, domin shi ke kusa da shi. Kai ka je kasuwar Sabon Gari mai shago ya ce babu, ga C945, aikinsu ɗaya. Bai yi maka ƙarya ba, a da'irori da yawa ɗaya yana maye gurbin ɗaya. Sai dai fanel ɗinka an huda shi ne don wani jerin ƙafafu dabam. Tsakanin 2N3904 da BC547 da sauƙi, juya shi kawai za ka yi ya ba da baya. C945 kuwa sai ka harɗe masa ƙafa biyu, ka sa wa ɗaya rigar roba don kada su taɓa juna.

KiCad tana da bincike iri biyu, ɗaya na zanen da'ira, ɗaya na fanel. Na farko zai gaya maka idan ka bar wata ƙafa tana lilo ba a haɗa ta da komai ba. Na biyu zai gaya maka idan layukan jan ƙarfe sun matsu da juna fiye da kima, ko wani haɗin bai kammala ba. Ka gudanar da su duka, kada ka tsallake gargaɗi ko ɗaya ba ka fahimce shi ba. Amma idan suka ce babu kuskure, abin da suke nufi shi ne fanel ya yi daidai da abin da ka faɗa. Ba su san abin da ke cikin ledar da ka riƙo daga kasuwa ba.

Don haka ka sayi kaya tukuna, sannan ka zaɓi sawu. Tela na ƙwarai ba ya yanka shadda da awon da aka karanto masa ta waya, sai ya ɗora tef a kafaɗar mai riga. Ka nemi ma'aunin nan mai baki biyu da makanikai ke gwada kauri da shi, ko aƙalla rula ta ƙarfe. Ka auna tazarar ƙafafun kowace kafasita, domin wata milimita 5 ce, wata 2.5, wata tsohuwa mai kama da alewa ta fi haka nesa. Ka auna tsayin kwandensa mai siffar gwangwani, domin ita ce ta fi hana murfi rufuwa. Ka duba kaurin ƙafar diyod 1N4001, za ka ga ta fi ta razista, kuma ramin da ya ishi razista yana iya ƙin karɓarta. Idan babu sawun da ya dace a rumbun manhajar, ka zana naka. Aikin minti goma ne, kuma ranar da ka iya shi ka daina zama bawan abin da wani ya tanada.

Bolum yana da nasa tarkon. Galibi a bayan fanel ake liƙa shi, don sandarsa ta fito ta saman akwati, sauran kaya suna kallon ciki. Abin da kake gani a hagu a fuskar kwamfuta ya koma dama ke nan. Idan ka manta, ƙafa ta ɗaya da ta uku za su yi musaya, sai ka murɗa don ƙara amo shi kuma yana raguwa. Feda za ta yi aiki, amma duk wanda ya ara sai ya yi maka dariya.

Akwati kuwa, da shi ya kamata ka fara tun kafin ka ja layin iyakar fanel. Wanda aka fi sani shi ne 1590B na kamfanin Hammond da ke Kanada, na alminiyam, tsawonsa kimanin milimita 112, faɗi 60, zurfi 31. Wannan awon waje ne. Ciki ya fi haka ƙunci, domin bango yana da kauri, yana kuma ɗan tsukewa yayin da ya nufi fuskar akwatin, sannan kowace kusurwa tana da tudun da noti ke shiga. Makunnin ƙafa mai ƙafafu tara yana cin wuri babba, ramin da yake buƙata milimita 12 ne. Soket biyu na jita suna shigowa daga gefe, kuma mutane kan manta cewa idan an soka kan wayar yana ƙara kutsawa ciki. Ga soket na wuta, ga batir idan kana son sa. Abin da ya rage bayan duk waɗannan sun zauna, shi ne girman fanel ɗinka. A karon farko ka ɗauki akwatin da ya fi girma, irin 1590BB ko 125B, ka huta. In ma babu ko ɗaya a garinku, duk wani akwatin ƙarfe mai ƙwari da zai jure taku ya wadatar, ka auna shi ka zana shi yadda yake. Na roba ne ban yarda da shi ba ga feda mai ƙara ƙarfi sosai, domin ƙarfen da aka haɗa da layin ƙasa shi ne ke tare ƙugin da wayoyin gida da janareta ke watsawa.

KiCad za ta nuna maka fanel a siffar zahiri, ka juya shi ta kowane gefe, kore shar, gwanin sha'awa. Ka kalla, yana taimakawa. Gwajin da na fi amincewa da shi dai na takarda ne. Ka buga zanen a ainihin girmansa. Ka tsaya a kan mai shagon buga takardu, domin firinta tana son rage zane ko ƙara shi don ya cika shafi, kuma ragin kashi uku cikin ɗari ido ba ya kama shi. Idan ta fito ka ɗora aisi a kan sawunsa: tazarar ƙafafunsa milimita 2.54 ce, in suka zauna daidai a kan ɗigogin, awon ya yi. Sai ka manna takardar a kwali, ka yanke ta bisa iyaka, ka huda ramukan da allura, ka soka kowane abu a wurinsa, ka sa kwalin cikin akwati tare da makunni da soket, ka rufe murfi. Duk abin da zai yi karo a nan zai yi, kuma asararka takarda ɗaya ce. Haka za ka yi da zanen hujin akwati, ko da KiCad ka yi shi ko da Inkscape: ka manna shi a fuskar akwatin, ka dasa ƙusa a tsakiyar kowane rami ka ɗan buga kafin ka kawo abin huji, don kada bakinsa ya zame.

Game da jan layuka a fanel ba zan tsawaita ba. Ka bi tafiyar amo daga shiga zuwa fita, ka raba layin shiga da na fita iya nisan da za ka iya. A fedar da ke ninka amo sau ɗari, idan suka yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, fita za ta riƙa komawa shiga, sai ka ji tsuwa ko ba ka taɓa jita ba. Akwai maɓallin da ke ja maka layuka da kansa a wasu manhajoji. Bai san wannan ba, ka ja da hannunka. Sauran filin da ya rage ka cika shi da jan ƙarfen layin ƙasa.

Wajen wuta ka tuna cewa masu feda sun bi tsarin kamfanin Boss: bolt 9, kuma tsinken tsakiyar soket shi ne nagetif. Yawancin adaftocin da ke gidajenmu akasin haka suke, tsakiyarsu fozitif, da yawa ma bolt 12 ne. Wata rana sai wani ya jona irinsu, wataƙila kai da kanka cikin duhu. Ka sa diyod 1N5817 a jere da hanyar wuta tun a zane, da kwandensa 100 maikrofarad a bayansa don tace ƙugi. Ka sa razista 1M daga ƙofar shiga zuwa layin ƙasa, ita ke rage ƙarar "ɗas" da ake ji in an taka makunni.

Idan zane ya kammala, hanya uku ce a gabanka. Kana iya barin fanel gaba ɗaya ka yi amfani da allon bero mai layukan jan ƙarfe, akwai ma ƙaramar manhaja ta kyauta, DIY Layout Creator, da aka yi don tsara irinsa. Ga Fuzz Face wannan ya isa har ya yi yawa. Kana iya yin fanel a gida: ka buga zanen da firintar leza a takarda mai sheƙi, ka kifa a kan allon jan ƙarfe, ka danne da dutsen guga, ka jiƙa a ruwan ferik kulorayid ya cinye inda babu tawada. In wannan za ka yi, ka faɗaɗa layuka su kai milimita ɗaya, ka tabbata ka san ko zanen yana buƙatar a juya shi kamar a madubi, ka rubuta wata kalma a jikinsa don ka gane in ya fito a birkice. Ruwan nan yana cin ƙarfe yana ɓata tufa, ka sa safar hannu, a mazubin roba, nesa da yara da kwanukan abinci. Hanya ta uku ita ce ka fitar da fayilolin Gerber ka aika wa masana'antu irin JLCPCB ko PCBWay a Shenzhen ta ƙasar Sin. Mafi ƙarancin oda guda biyar ne, kuma sau da yawa kuɗin kawowa ya fi na bugawa. Za ka yi makonni kana jira. Ƙafa ɗaya da ka juya tana nufin fanel biyar masu aibi iri ɗaya. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda tare, kowa ya duba zanen ɗan'uwansa kafin a biya.

Wata magana a gefe. Tsofaffin da'irorin nan sun bazu a duniya, kowa yana koyo da su, har manyan kamfanoni suna gina sababbi a kansu. Amma tsarin fanel da wani ya zauna ya zana aikinsa ne, sunan kamfani da tambarinsa kuma nasu ne. In za ka sayar, ka zana naka, ka sa naka suna. Ka rubuta shi a jikin fanel ɗin tare da lamba 1 da kwanan wata.

Kada ka yi mamaki idan ka gama liƙi ka taka makunni ka ji shiru. Ka fara da mita: akwai bolt 9 a inda ya kamata, kuma in da'irarka tana da razista biyu masu raba wuta, akwai 4.5 a mahaɗarsu? In akwai, ka ɗauki tsohuwar wayar jita, ka yanke kai ɗaya, ka liƙa kafasita 0.1 maikrofarad a wayar tsakiya, ka maƙala ta wajen a layin ƙasa, ɗaya kan kuma ka soka a amfilifaya, ka rage murya. Wani ya riƙa kaɗa jitar, kai kuma ka buɗe zanen da'ira a gabanka kana taɓa ƙafar kafasitar a kowace mahaɗa, daga ƙofar shiga kana gaba. Inda amo ya ɓace, matsalar tana tsakanin nan da wurin da ka ji shi na ƙarshe. Idan laifin liƙi ne, ka sake narka dalmar. Idan na zane ne, ka yanke layin da reza, ka tsallaka da 'yar waya, sannan a ranar ka koma fayil ɗin ka gyara shi ka mai da lambar 2, tun ba ka manta wace ƙafa ka harɗe ba.